Na Ɗauka Jego Ne Ya Karɓe Ta

Shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare a nan Boɗinga, kuma cikin abin da nake koyarwa har da darasin kiwon lafiya. A wanke hannu, a rufe abinci, a kai mara lafiya asibiti da wuri. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ce rashin karatu ne ya sa na yi abin da na yi. Da karatuna da komai na kusa kashe 'yata da hannuna, ina yi ina alfahari.

Saratu ita ce ta uku a ɗakina. Siririya ce tun tana ƙarama, jikin ubanta ta ɗauko, Malam Umaru tela, wanda ko sa guda ya cinye ba za a gani a jikinsa ba. An aurar da ita a Lambara, can ƙasar Shagari, ga Bello, manomin albasa, yaro mai kunya da ladabi. Ranar da muka kai ta, uwar mijin, Hajiya Kulu, ta kama damtsenta ta jujjuya a gaban mata, ta ce, "Malama, wagga ɗiya taki, tuwo taka ci gidanku ko alli?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta zauna mini a rai, har muka hau mota ina juya ta.

Da cikin fari ya tsufa aka dawo da ita gida don ta haihu a gabana, kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya, ɗa namiji, aka raɗa masa Usmanu muna kiransa Shehu. Ranar suna na ciro awarwaron azurfa guda uku da na gada wurin mahaifiyata na zura mata a hannun hagu. Suka zarce har gwiwar hannu, sai ta riƙa ɗaga su tana dariya. A zuciyata na ce, ku dai jira. In Allah ya kai mu ranar arba'in, sai Hajiya Kulu ta kasa gane ta.

Ba na yi wa jego wasa, unguwa ta san da haka. Safe da yamma ina dafa ruwa a babbar tukunya har sai ya tafasa, in jiƙa ganyen darbejiya in riƙa watsa mata tana ihu ina cewa ta daure. In ta fito, ga kaskon garwashi a ƙarƙashin gado, ga ƙofa a rufe. Ga ƙauri da yajin jego, gishiri ya ji. Uwa uba kunun kanwa, ƙwarya guda da safe, ƙwarya guda da yamma. Kanwar ma daga Lambara ta zo. Hajiya Kulu ce ta aiko da jar kanwa cike da kwano, da saƙon cewa kada a yi wa yarinya rowarta, sanyi shi ne abin tsoro ga mai jego. Na ɗauki saƙon a matsayin habaici, wato ta ce 'yar boko ba ta iya jego ba. Don haka inda uwata take jefa ƙulli ɗaya a kunu, ni biyu nake jefawa.

A mako na biyu Saratu ta fara cika. Kumatu suka fito, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul, silifas ɗinta ya daina shiga. Matan da ke zuwa barka suna ta yabo. "Kai, Malama, jego ya karɓe ta! Wa ya ga Saratu hakanga?" Ni kuwa sai in ce ai ikon Allah ne, alhali kaina ya kusa taɓa rufin ɗaki. Awarwaron nan suka daina sauka gwiwar hannu, suka tsaya a tsintsiya. Kowace safiya sai na duba su, kamar yadda nake duba makin jarrabawa.

A mako na uku tari ya zo. Busasshe ne, ba majina. Sai haki. Daga ɗaki zuwa makewayi, tafiyar da ba ta kai taki ashirin ba, sai ta tsaya ta dafa bango. Ta daina kwanciya sosai, sai dai ta tara filo uku ta jingina. Wata rana da hantsi ina yi wa Shehu wanka ta ce, "Inna, in na kwanta sai in ji awa an aza mini dutsin niƙa ga ƙirji."

Na ce, "Sanyi ne ya so ya shige ki. Jiya da kinka fito wanka ba ki rufe kai ba, ina kallonki."

Ban rasa masu goya mini baya ba. Wannan ta ce a ƙara wa ruwan wuta, waccan ta ce a ƙara citta da masoro, wata tsohuwa daga Danchadi da ta zo ganin jikanta a maƙwabta ta ce a zamaninsu kanwar da ake sa wa kunu sai ta sa harshe ya yi kauri. Mutum ɗaya ne ya faɗi wani abu dabam. Malam Umaru ya dawo daga kasuwa da yamma, ya tsaya bakin ƙofa ya ji yadda take numfashi, ya kira ni gefe ya ce, "Ni dai numfashin ɗiyag ga bai yi mini ba. Ko a kai ta a duba?" Na ce masa maganar jego ba ta maza ba ce, ya je ya ji da kekensa. Bawan Allah ya juya ya tafi masallaci. Har yau bai taɓa tuna mini da wannan magana ba, kuma da ya tuna mini da ya fi mini sauƙi.

A mako na huɗu Shehu ya yi ƙuraje a wuya. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, don haka ni na goya shi zuwa ɗakin shan magani. Ma'aikaciyar da na tarar Asabe ce, 'yar Dingyaɗi, wadda ta yi aji uku a hannuna. Ta duba yaro ta ce zafin ɗaki ne ya yi masa yawa, ta tambayi lafiyar uwarsa. Na ce, "Ai ba ki ganta ba, ta yi ƙiba har takalmi ba shi shiga. Ɗan tari dai da haki, sanyi ne."

Asabe ta ajiye biro. Ta ce, "Malama, ƙiba cikin sati uku? Tana iya kwanciya?"

Na ce tana jingina.

Ta ce, "Don Allah ki kawo ta yau. In ba ta iya fitowa ni in zo."

Na ce saura kwana kaɗan arba'in, in an yi sai a kawo ta. A hanya ina tafe ina mita, yarinyar da ni na koya wa riƙon fensir ita za ta koya mini jego. Waɗannan kwanakin da na ƙara su ne suka fi ci mini rai, don a lokacin an riga an gaya mini.

Ranar da abin ya fashe, da safe ne, wajen ƙarfe takwas. Na sauke ruwa, na zaunar da Saratu a kan turmi, na watsa mata sau uku. A na huɗu ba ta yi ihun da ta saba ba. Ta buɗe baki tana neman iska, leɓɓanta suka yi duhu, ta sulale ta jingina da ƙafata. Na ji nauyinta, nauyin da nake alfahari da shi, na kasa ɗaga ta. Ihun da na yi ne ya tara maƙwabta. Wani ya hau babur ya ɗauko Asabe.

Asabe ta iso. Ta durƙusa, ta ɗora babban yatsanta a ƙwaurin Saratu ta danna, ta ƙirga a hankali, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, rami ya zauna kamar an danna yatsa a cikin tuwo, bai taso ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malama, wannan ba ƙiba ba ce. Ruwa ne."

Daga asibitin garinmu aka ce mu wuce Sakkwato, ba a ɓata lokaci ba, Allah ya saka musu. A can ne na ga abin da ban taɓa gani ba. 'Yata tana kan keken marasa lafiya tana fisgar numfashi, ni ana ce mini in je in yanki kati. Na je wannan taga aka ce waccan, na je waccan aka ce mai aikin ya fita. Layi kuwa har ya zagaya bayan gini. Ba zan ɓoye ba, na yi faɗa, na ɗaga murya irin wadda nake tsawata wa 'yan aji shida da ita. Wani dattijo mai shara ne ya ajiye tsintsiyarsa ya ce, "Hajiya, wagga ba ta layi ba ce," ya tura keken da kansa har ɗakin gaggawa. Ban san sunansa ba, amma ba na sallah ban sa shi a addu'a ba.

Nas ɗin da ta karɓe mu ta ga fatar bayan Saratu duk ta yi ja saboda ruwan zafi, ta ce, "Sai da kuka gama dafa ta kuka kawo mana?" Maganar ta yi zafi, kuma ba a gaban mutane ya kamata ta faɗa ba. Amma ita ce ta sa mata abin shaƙar iska, ita ce ta nemo jijiya a hannun da ya kumbura har sau uku ba ta gaji ba. Ta so cire awarwaron, ta shafa sabulu, suka ƙi motsi, sun nutse a cikin nama. Ta ce a bar su, ta koma hannun dama.

Bello ya iso kafin azahar, ƙafafunsa duk lakar fadama. Washegari aka yi wa Saratu hoton zuciya, likita ya kira mu. Yaro ne, bai fi sa'an babban ɗana ba. Ya tambayi Bello sana'arsa, sai ya ce, "To, ka san injin ban-ruwa. Zuciyarta injin ce da ta yi rauni, ta saki, ba ta iya tura ruwa yadda ya kamata. Shi ya sa ruwan ya taru a ƙafafu da ciki, har ya hau huhu. Ku kuma kuna ta ƙara mata lodi."

Na ce, "Likita, ka faɗa mini gaskiya. Ni na jawo?"

Ya ce wannan ciwo yakan kama wasu mata dab da haihuwa ko bayanta, har a ƙasashen da ba su san kanwa ba, don haka ba zai ce ni na sa mata shi ba. Amma kanwa da gishiri suna riƙe ruwa a jiki, zafin wanka da na garwashi kuma suna ƙara wa zuciya aiki. Sai ya ce, "Abin da ya fi damuna, Mama, makonnin da aka yi ana kallonta." Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Aka fara yi mata allurar fitar da ruwa. Ban taɓa zaton zan zauna ina murnar fitsari ba, amma haka na koma, ina ɗaukar fo ina kai wa nas ta auna ina cewa alhamdulillahi. Abinci kuwa ba gishiri, ba kanwa, ba dunƙulen miya. Saratu ta ɗanɗana faten da na yi mata ta yamutsa fuska ta ce, "Inna, wanga horo ne?" Na ce horo ne, amma ni aka yi wa. Nono likita ya ce ta ci gaba da bayarwa in tana da ƙarfi, in ta gaji a bar ta ta huta. Magani da gwaje-gwaje sun ci abin da suka ci. Bello ya fitar da albasar da ya adana yana jiran ta yi daraja, ya sayar a yadda ya samu, bai taɓa ɗaga maganar ba.

A rana ta uku Hajiya Kulu ta zo, da fulas a hannu. Tun kafin ta buɗe na ji ƙamshin. Kunun kanwa ne ta dama tun asuba, ta riƙo shi a cinya daga Lambara. Duk haushin da na tara, wanda rabinsa haushin kaina ne, na juye mata. Na ce, "Hajiya, kanwarki ce ta kawo mu nan. Ki mai da abinki." Na ja ta bakin gado, na danna ƙwaurin Saratu yadda Asabe ta yi, na nuna mata ramin. Na ce, "Ga ƙibar da kike so. Ruwa ne, zuciya ce ta gaza."

Na zaci za ta rama, don Hajiya Kulu ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Sai na ga ta tsaya tana kallon ramin nan. Ta kai nata yatsan ta danna ɗaya ƙafar. Ta rufe fulas ɗinta ta fita.

Bayan la'asar na same ta a baranda, zaune a kan dardumarta, ba ta naɗe ba. Na zauna don in ba ta haƙuri. Kafin in buɗe baki ta ce, "Malama, kin san ina da ɗiya kahin Bello?"

Ban sani ba.

Ta ce, "Balki. Ta zo wankan gida wurina, haihuwar hwari. Shekarar ba a samu damina ba, ba mu da komi. Kanwar da nis samu 'yar kaɗan ce, ina tsakura mata. Ta kumbura hakanga, tana haki, ba ta iya kwanciya. Anka ce sanyi ya shige ta. Na ranto kanwa na ƙara, na ƙara wuta. Saura kwana biyar arba'in tat tahi. Tun ran nan nike cewa rowata ta kashe ta. Shi ya sa nic cika maki kwano. Na ce ɗiyar wani ba ta mutuwa hannunmu don rashin kanwa."

Ashe ba habaici ba ne. Wata guda ina dama kunu da fushin matar da tsoro ne kawai ya sa ta aiko.

Ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke nan Balkina ma ba sanyi ba ne?"

Ni malama ce, aikina amsa tambaya, amma wannan ban iya ba. Na ce Allah ne masani, kuma kwananta ne ya ƙare. Na kama hannunta muka zauna har aka kira magariba. Daga ranar ba ta koma Lambara ba. Ita ke goyon Shehu, ni ina kula da uwar, kuma ita ce ta fi ni tsanani a kan gishiri. Wata 'yar'uwarmu ta kawo kilishi, Hajiya Kulu ta tare ta tun daga ƙofa.

A rana ta shida ina shafa wa Saratu mai, awarwaro ɗaya ya juya. A ta tara duka ukun suka motsa. A gadon asibiti ta yi arba'in ɗinta, ba kitso ba lalle, kuma a ranar ne ta fara kwanciya da filo ɗaya ta yi barcin rana har da minshari. Na zauna ina saurarensa.

Da aka sallame mu ba a ce ta warke ba. Likita ya ce wata zuciyar takan koma daidai, wata ba ta komawa, sai an bi a hankali. Magani kullum, ko ta ji garau kada ta bari, ganin likita duk wata. Ya kira Bello a gabana ya ce kada ta sake ɗaukar ciki sai an duba an ga zuciyar za ta iya, don ciki na gaba yana iya tafiya da ita. Bello ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. A gida aka sake taso mu da shawarwari. Wai tunda ta miƙe a bar ƙwayoyin nan kada su zame mata jiki, wai a gwada wani sassaƙe. Wannan karon na yi amfani da bakina inda ya dace. Na kuma taka har ɗakin shan magani na ba Asabe haƙuri a gaban abokan aikinta. Ta rufe fuska ta ce, "Haba Malama." Zuwanmu na baya-bayan nan likita ya ce zuciyar ta ƙara ƙarfi, ba ta gama ba tukuna.

Ba na cewa a bar kula da mai jego. A yi mata wanka da ruwa mai ɗumi, a ba ta abinci mai kyau, a bar ta ta huta. Amma in kun ga ta cika cikin 'yan kwanaki, tana haki, tana tari, ba ta iya kwanciya, kada ku yi guɗa. Ku danna mata yatsa a ƙwauri. In ya lotsa bai taso ba, ku nemi mota a ranar, arba'in za ta same ku a can.

Sai da ta yi wata huɗu a gabana kafin muka mai da ita Lambara. Ta fi yadda aka kai ta amarya ramewa, wuya duk ƙashi. Matan gidan suka taru a tsakar gida, ina jin wata tana raɗa wa wata, "Wanga wane irin jego ne?" A da, da wannan magana ta hana ni barci.

Hajiya Kulu ta fito daga ɗaki. Ta kama damtsen Saratu, wurin da ta kama ranar biki, ta ɗaga hannun sama a gaban kowa. Awarwaron nan uku suka gangaro har gwiwar hannu suna ƙara. Ta sauke, ta sake ɗagawa, suka sake gangarowa. Sai ta rangaɗa guɗa, hawaye na bin fuskarta.

Ta shiga ɗaki ta fito da buhun da ta ɗebi kanwar nan a ciki, da saura fiye da rabi. Ta miƙa wa Bello ta ce, "Kai ma shanu su lasa."